Shaidar da Ba a Kira Ba

An tura wata sabuwar malama wata makarantar sakandare ta gwamnati a cikin garin Kaduna, aka ba ta 'yan aji biyar ta koya musu adabin Hausa. A gida Ummi ake ce mata, saboda sunan kakarta ta ci. Littafin wannan zango shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kwafin da makarantar ke da su ba su isa ba, sai yara biyar ko shida su haɗa kawuna a kan guda. Bangon kowanne ya sha salatif. Akwai wanda shafukansa na ƙarshe suka zube, masu shi ba su san ayari ya halaka a hamada ba sai da maƙwabtansu na benci suka ba su labari.

Cikin 'yan makonni suka karance shi tsaf, a bayyane, wannan ya karanta shafi ya miƙa wa wancan. Yara sun so labarin. Sun bi malamin nan na Rauta, kusa da Bauchi, yana warware wa almajiransa asalinsa: yadda aka haife shi a Kagara bayan rasuwar ubansa baduku, yadda uwarsa ta auri Makau bafaden sarki, yadda fadawa suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi ya koma Makarfi, yadda aka sace yaron sa'ad da uwar ta tafi ganin gida Fatika, ya yi ta fita daga wannan hannu yana faɗawa wancan har Kano, daga can Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar. Ranar da aka zo inda kura ta kashe ɓarawon yaron, har tafi wasu suka yi. Ranar da uwar ta cika a Tarabulus, bayan ta sa ido a kan ɗan da ta baro gida dominsa, 'yan matan layin gaba suka yi ta share ido da gefen hijabi.

Sai ranar tattaunawa ta zo. Ummi ta kwana tana shiri. Da safe ta rubuta "Tattaunawa" a saman allo da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta jero tambayoyinta. A wane gari aka haifi Shaihu Umar? Mece ce sana'ar mahaifinsa? Wa ya auri mahaifiyarsa? Wace dabba ce ta kashe wanda ya sace shi? Wane ne ya tafi da shi Masar? Haka har guda goma. Ta ƙarshen ita ce wadda kowane ɗan makaranta a ƙasar nan ya haddace amsarta tun kafin ya buɗe littafi: wane darasi muka koya daga wannan labari?

Monita ya ɗaga hannu tun a ta farko, bai sauke ba. Kagara. Dukanci. Makau. Kura. Abdulkarim. Da aka zo ta goma, aji duka ya amsa baki ɗaya, "Haƙuri!" Wani daga baya ya ƙara da "Mahaƙurci mawadaci," aka yi dariya. Ummi ta dubi agogon wayarta, ko rubu'in awa ba a yi ba, darasin kuwa na minti arba'in ne. Sauran lokacin sai ta sa su kwafe tambayoyin da amsoshinsu.

Kada a raina irin waɗannan tambayoyi gaba ɗaya, suna da ranarsu. Da su ake gane wanda ya karanta da wanda ya yi barci a kan benci. Amma yaran da suka zubar da hawaye shekaranjiya saboda uwar Umar da aka mayar baiwa a Murzuk, yau an tara su an tambaye su sunan dabba. Abin da ya taɓa su ko kusa da shi ba a je ba.

A ɗakin malamai wani ya ba ta shawara. Ya ce ai tun a kwaleji an koya musu buɗaɗɗiyar tambaya ita ke kawo magana, ta sakar wa yara fili kawai. Ta ɗauka. Ranar Laraba guda ɗaya tak ta rubuta: Mene ne ra'ayinku game da bauta?

Magana kam ta zo. "Ba kyau." "Zalunci ne." Wani ya ce Turawa ne suka kawo ta, wani ya ce ƙarya yake, Larabawa ne. Babu wanda ya buɗe littafin, a wani benci ma fifita ake yi da shi. Sai Dogo, mai zama a kusurwar baya kusa da tagar da ba ta da gilashi, ya nuna wani yaro ya ce, "Malama, a tambayi wannan. Kakansa bawan gidan sarki ne, su suka san daɗinta." Aji ya kwashe da shewa. Yaron ya cire takalmi ya jefe shi. Cikin hayaniyar wani ya juya wajen wata yarinya 'yar Gbagyi da ke layi na uku, wadda Hausarta ta fi ta rabin ajin, ya ce, "Ku ne ma ake kamowa ai." Yarinyar ba ta ce uffan ba. Ta sa biro a tsakiyar littafin rubutunta, ta rufe, ta kifa kai. Sai da malamin horo ya leƙo da bulala a hannu wuri ya lafa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Ummi ta je Tudun Wada gaida kawunta, wan mahaifiyarta. Tsohon magatakardan kotun alƙali ne, ya yi aiki a Zariya da kewaye har ya ajiye, yanzu ba abin da ya rage masa sai rediyo da goro da gardama da maƙwabta a zaure. Hannun tabaransa ɗaya ya karye, ya ɗaure shi da zare ya saƙala a kunne. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ta, ba ya faɗar sunan.

"Uwata, yau fuskar ba ta malamai ba ce. Yaran sun fi ƙarfinki ne?"

Ta zayyana masa duka, ta miƙa masa takardar tambayoyin. Ya matso da ita bakin ƙofa inda haske yake, yana karantawa leɓensa na motsi.

"Shaihu Umar," in ji shi. "Tun ina ɗan makaranta na karanta shi. Har fim ɗinsa na gani, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976."

"Kawu, yaran yanzu ne ba sa son tunani."

"Allah ya ba ki haƙuri, ban yarda ba. Shekara talatin da ɗoriya ina zaune ƙasan alƙalai ina rubuta tambaya da amsa, ban taɓa ganin shaidar da ya fi tambayar da aka yi masa ba. Goman nan naki, amsarsu na rubuce a gabanki. Alƙali ba ya tambayar abin da ke rubuce a gabansa, sai in yana so ya gane ko mutumin da gaske ya je wurin. Minti biyu, an wuce. Ita kuma ta Larabar, daidai take da a ce wa shaida, me kake gani game da sata? Har ɓarawon da ke tsaye a gabanka zai ce sata ba kyau. Ba ki ba su abin kamawa ba, shi ya sa suka kama juna."

"To wace iri ake yi?"

"Wadda in an yi ta dole mutum ya koma inda abin ya faru ya duba. Kuma mutum biyu masu gaskiya za su iya zuwa su duba, su dawo da magana biyu. Kawo biro."

Da Makau suka fara. Tambayarta ta shida ita ce, me ya sa aka kori Makau? Amsar da ta tanada kuwa: hassada.

"Kalma ɗaya, an rufe shari'a," in ji Kawu. "Da shaidar wa sarki ya kore shi?"

"Ta fadawa. Sun ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo."

"Su wane ne fadawan a wurin Makau?"

"Masu jin haushin kusancinsa da sarki."

"To a shari'a ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa. Rubuta mu gani."

Ta rubuta: Ba ku ganin sarki ya yi zalunci da ya saurari maƙiyan Makau? Ya karɓa ya duba, ya mayar mata.

"Goge. Kin sa musu magana a baki. Duk tambayar da ta fara da 'ba ku ganin', amsarta 'haka ne, Malama'."

Ta soke, ta yi shiru tana taunar murfin biro, sannan ta sake: Me sarki ya sani, me kuma bai sani ba, a lokacin da ya yanke wa Makau hukunci? Ta so ta liƙa wasu biyu a wutsiyarta, ya hana. Ya ce ta riƙe su a aljihu, in magana ta mutu ta fito da ɗaya.

Daga nan ya yi mata wata da ta sa ta ajiye biron.

"Wa ke ba da labarin?"

"Shaihu Umar, Kawu."

"Shekarunsa nawa ranar da aka kori Makau?"

"Yaro ne ƙanƙane."

"Yana Murzuk sa'ad da uwarsa ta kai kukanta gaban alƙali?"

"A'a, yana Masar."

"To daga bakin wa ya ji? Gani ya kori ji, Uwata. Babban kaso na littafin nan shaidar ji ce. Ban ce ƙarya ba ce. Cewa na yi a tambaya."

Zancen alƙalin Murzuk ya tayar masa da tsohon ciwo. Ya gyara zama, ya ture rediyon gefe, ya ce mutumin nan ya ci amanar kujerarsa. Mace 'ya, Musulma, ta zo gabanka ta ce yaudararta aka yi, ka kasa ƙwato mata 'yancinta? Ya ce ba ma sabuwar mas'ala ba ce. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya amsa wa mutanen Tuwat ita a littafinsa Mi'irajus Su'ud, ya lissafa Kano da Katsina da Gobir da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Ya daɗe a kan wannan, har da buga sanda a ƙasa. Ummi ta bar shi ya huce.

Cikin faɗan nasa ne ta hango gyaran tambayarta ta goma, kuma wannan ita ta yi abarta da kanta. Uwa da ɗa hamada ɗaya suka ƙetare, duka biyun a hannun wasu. Ɗan ya sami gata, ya yi karatu, ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilimi a wurinsa. Uwar ta sha wulaƙanci har ƙarfinta ya ƙare, ta ga ɗanta, ta mutu. Su biyun duka sun yi haƙuri. Ta rubuta: A littafin nan wa haƙuri ya yi wa rana, wa kuma bai yi wa ba? Kawu ya karanta sau biyu, ya ɓare goro ya miƙa mata rabi. Ba ta cin goro, amma ta karɓa.

"Yaushe aka rubuta shi?" ya tambaya bayan an idar da magariba.

"An buga shi a 1934."

"A 1933 aka rubuta, don gasar da Dokta Rupert East ya sa daga Zariya, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Marubucin a shekarar ya fito daga Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Bai wuce shekara 21 ba, ke ma kin girme shi. To ki riƙe wannan. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana kamu da ciniki, ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Sai dai mutum ya fanshi kansa a gaban alƙali. Na ga tsofaffin rijistocin fansar da idona a ɗakin ajiya, gara ta ci gefensu. Sai a 1936 aka soke abin gaba ɗaya. Ke nan ranar da yaron nan yake rubutu, akwai bayi a garin da yake zaune. Ba tatsuniyar gizo da ƙoƙi yake ba wa mutane ba."

Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce suna yara a Zariya akwai wata tsohuwa mai daddawa a bayan gidansu. Hausa take yi sarai, amma in ta zo ƙirga kuɗi sai ta koma wani harshe da ba wanda ya sani a unguwar. "Dariya muke yi mata," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa tambayarta."

Ummi ta ga ashe zamani uku ne ke kwance a littafi irin wannan, ita kuwa ɗaya kawai ta yi wa tambaya. Akwai zamanin labarin, ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Rabe da ya ci Borno a 1893. Akwai zamanin marubucin, saurayi ƙaramin malami, wanda Bature ne zai fara karanta abin da ya rubuta, sarakuna da fadawansu kuma suna nan daram. Akwai kuma zamanin yaranta. Ta tuna wannan marubucin ne ya miƙe a Majalisar Arewa, a nan Kaduna, a 1950, ya nemi a gyara mulkin En'e. Nan take ta so ta rubuta cewa labarin Makau shi ne mafarin wannan jawabi.

"Kada ki sa wa mamaci magana a baki," in ji Kawu. "Ki ba su shekarun biyu, su auna da kansu."

Tana ɗaura mayafi zai sallame ta, ya ƙara guda. Ya ce mafi iya shari'a cikin alƙalan da ya yi wa aiki, kafin ya yanke hukunci sai ya dubi masu ƙara ya ce, wa ke wurin da ba a kawo shi nan ba? "Ki rufe da ita. Uwar nan za su ce miki, tunda ta bakin ɗanta kawai muka ji ta. Kuma ki kafa musu doka: duk mai magana ya fara da lambar shafi."

Ranar Litinin ta fara da tsofaffin goman nan, da baka, cikin minti biyar, Monita ya sha sharafinsa. Sannan ta fito da takardar naira biyar ta ɗaga, ta ce wanda ke jiki shi ne mai littafin, amma su cire masa hular da girman, su mai da shi saurayi da alli a hannu. Ta rubuta 1901, 1933, 1936 da 1950 a gefen allo, ta faɗi abin da ya faru a kowace. Ta ce, "Yau mutanen cikin littafi za mu tuhuma, ba na cikin aji ba. Wanda ba shi da shafi, ba shi da baki."

Ta rubuta tambayar sarki da Makau. Aji ya yi tsit. Shirun ya yi tsawo har ta buɗe baki za ta amsa wa kanta, ta daure ta rufe. Can sai ƙarar takarda ta fara tashi. A benci na biyu aka soma jayayya a kan wa zai riƙe littafin. Wata ta ce sarki bai san komai ba sai abin da aka kawo masa. Wani ya karanto wuri ya ce ai sarki ya san halin Makau tun da can, me ya sa ya zaɓi mantawa? Wani ya ce in fadawa duka suka haɗa baki, sarki ma tsoronsu yake ji. Ba a daidaita ba, ta wuce.

A tambayar daga bakin wa Shaihu ya ji, Monita ya farfaɗo, ya ce uwar ce ta ba shi labari a Tarabulus kafin ta rasu. Sai wata yarinya da ba a saba jin muryarta ba ta ce, "To ke nan abin ya fi haka muni, Malama. Uwa ba ta faɗa wa ɗanta duk abin da aka yi mata." Daga nan zance ya zame da kansa ya faɗa kan Abdulkarim, wanda ko tambaya Ummi ba ta tanadar masa ba. Mutumin kirki ne ko mai cinikin mutane? Masu kare shi suka ce ya riƙe yaron riƙon ɗa, ya sa shi karatu. Masu tuhumarsa suka ce da ɗa ya ɗauke shi, da ya nemi iyayensa kafin ya sa hamada tsakaninsu. Aka ce yaron ƙarami ne, bai san hanyar gida ba. Aka ce to a bar shi a Kano mana, inda uwarsa za ta iya iske shi.

Wani da ya ga za a kayar da shi ya ce duk wannan ƙirƙira ce, labari ne kawai. Ummi ta ce Umar ƙirƙira ne, hanyar ba ƙirƙira ba ce. Ta buɗe taswira ta nuna musu Murzuk a kudancin Libiya, Tarabulus a bakin teku. Ta ce Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayi wajen 5,000 ake fitarwa daga garin a shekara, kuma abin mamaki, sunan da yake yawo da shi a ƙasashen nan Abdulkarim ne. Wani yaro ya ce yayansa ma ta Agadas ya bi ya shiga Libiya. Ta ce wannan babbar magana ce, za a ware mata ranarta.

Saura minti kaɗan a buga ƙararrawa ta rubuta ta ƙarshe: Wa ke cikin labarin nan da ba mu ji ta bakinsa ba? Ta juyo tana jiran a ce uwar Umar. Hannun da ya tashi na yarinyar layi na uku ne.

"Wurin harin, Malama," in ji ta, ta faɗi lambar shafin. "Makau ya dawo daga ƙasar Gwari da mutane. Rigimar duka a kan nawa ya kamo ne, nawa ya ɓoye. Mun ji tausayinsa don an yi masa ƙarya a lissafi. Uwar Umar ta bi ɗanta har Tarabulus. Su waɗannan, wa ya bi su?"

Ummi ta dubi takardarta, ba komai a ciki game da wannan. Ta ce, "Ban sani ba. Ku duba." Aka duba gaba, aka duba baya. Daga fadar sarki ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Monita ya ce marubucin ne bai damu da su ba. Yarinyar da ta yi zancen uwa ta ce ba marubucin ke magana ba, Shaihu ne, shi kuwa a gidan Makau ya buɗe ido. Sai Dogo, Dogon nan dai na ranar Laraba, ya ce daga kusurwarsa, "Ko kuwa da gangan ya yi. Gidan da ya ci daga hari, shi aka sace wa ɗa." A ganina Dogo ya fi kusa, domin littafin nan ya fi yadda ake zatonsa wayo, amma ban da hujjar da zan rufe bakin Monita da ita, Ummi ma ba ta da ita. Ƙararrawa ta buga, malamin lissafi yana tsaye a ƙofa da littattafansa, ba wanda ya lura da shi.

Labari ya kai kunnen shugaban sashe. Ya kira ta ya ce duk wannan ya yi kyau, amma a jarrabawa sunan gari da sunan dabba ake tambaya, kada ta kai yara ta baro. Ta ce goman nan suna nan, da su take buɗe darasi. Ya ce to, ya ci gaba da cike rijistarsa.

Aikin gida da ta ba su shi ne kowa ya rubuto tambaya ɗaya tasa, wadda kalma guda ba za ta amsa ba, da lambar shafin da ya haife ta. Fiye da rabi ba su yi yadda ake so ba. Da yawa sun fara da "ba ku ganin". Wasu sun kwafo nata sun canja suna. Ta tattara duka a leda, Juma'a ta zagayo ta kai zaure.

Ta fara ba Kawu labarin yarinyar layi na uku. Ya cire tabaran, ya daɗe yana gyara zaren. Ya ce shi ya yi rabin awa yana faɗa a kan 'ya Musulma da aka sayar, fatawar da ya jawo kuwa ba ta ce komai ba don kare mutanen da Makau ya kamo. "Mai daddawar nan ke nan," in ji shi. "Ki gaida min yarinyar."

Ya mai da tabaran, ya shiga takardun ɗaya bayan ɗaya, yana ware su gida biyu a kan buzu. Ya zo kan wata da aka yago daga tsakiyar littafin lissafi, rubutun kamar an yi shi a guje. Ta Dogo ce: Da Abdulkarim ya rasu tun Umar yana yaro, Umar zai ci gado ne, ko da shi za a raba?

Kawu ya yi salati. Ya ce ɗan riƙo ba ya gado, wannan a fili yake. Amma ko a raba da shi, ya danganta da ko an 'yanta shi, kuma a gaban wa. Ya tambaye ta ko littafin ya faɗa. Ta ce a iya tunawarta ya ɗauke shi ɗa ne dai. Ya ce ɗauka daban, 'yantawa daban, ya sha ganin gidajen da wannan bambanci ya watsa. Ya miƙa hannu, ta zaro littafin daga jaka ta ba shi. Ya buɗe, ya lashi yatsa, ya soma neman wurin.

"Kawu, gobe zan yi shirin darasi da shi."

"Ki ari na maƙwabta. Wannan sai Lahadi."